Baba Saja da Ɗamarar Rijiya

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Maris, 2017, saƙo ya iske ni a Yashe cewa Allah Ya yi wa Saja Bubayero rasuwa a gidansa na Kankia.

Baba Saja, ina kewarka, amma haushinka bai sake ni ba.

A soja ka koyi ɗinka ɗamarar laimar da ake dirowa da ita daga jirgin sama, ka dawo gida ka ɗora mana wannan tsanani. Ni haƙar rijiya ce sana'ata. Ɗamara guda na zo nema, wadda zan riƙa zura ma'aikatana da ita cikin rami. Ka ce sai ka gwada ɗinki biyu a mahaɗinta, mai kusurwa huɗu da gicciye a ciki, da mai layuka masu kai-komo. Ka rataya buhunan dawa da kowane ɗinki a tsamiyar ƙofar gidanka, kana ƙara nauyi don ka ga wanda zai fara sakin zare. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, amsarka ɗaya: "Ashiru, mutum za ka rataya, ba guga ba."

Na gaji na sayo ta kanti. Ka hawo babur ka same ni wurin aikin rijiya a Rimaye, ka yanke ta da wuƙa a gaban jama'a, ka miƙo mini taka mai kai-komo, ka juya ko ruwa ba ka sha ba. Na daɗe ba na gaishe ka. Da gefen rijiya ya rufta wa ma'aikacina Idi a damunar shekarar, da ɗamarar nan taka muka zaro shi daga laka, kowa na ja da iya ƙarfinsa, zare ko ɗaya bai tsinke ba. Idi ne ya haƙa kabarinka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ciwonka. Da ƙafafunka suka kumbura, matarka Inna Lami ta roƙe ka, 'yarka Hassana ta zo daga Kusada ta yi ta kuka, ni na kawo mota har ƙofa don mu tafi asibiti. Ka ƙi, ka ce akwai ɗamarar masu hawan giginya da ba ka gama gwadawa ba. Na san wa'adi ne. Amma ina ma ka shiga motar nan, Baba.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Lami, Hassana da sauran dangi, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.