Shafin da Walt Banasik Bai Buɗe Ba

Walt Banasik ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba kwalabe a wata masana'antar gilashi a birnin Toledo na ƙasar Amurka. Kwalba ta wuce ta gabansa, ya hango tsaga ko kumfa a jikinta, ya tsame ta ya jefa a kwando. Da aka rufe sashensu aka sallame shi, sai ya koma kacokan kan abin da a da yake yi ranar Asabar kawai, wato duba komik, littattafan zane na jaruman nan masu tashi sama da ɗaga motoci.

Teburinsa yana ƙuryar shagon Dolores Ybarra, tsakanin tukunyar kofi da ƙofar banɗaki. Mijinta ne ya buɗe shagon, ya rasu ya bar mata shi da Walt a ciki. Ita ba ta karanta komik. Tana sayar da su ne yadda za ta sayar da safa.

Aikin Walt ba shi da yawa a faɗa. A kawo masa littafi, ya wanke hannu, ya sansana takardar, domin wanda ya daɗe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba ya ɓoye warin danshi. Ya duba bango, ya duba gadon bayan littafin, ya duba fil biyun da suka ɗinke shi ko sun yi tsatsa. Daga nan ya buɗe shi shafi bayan shafi har ƙarshe. In ya gama, sai ya ɗauki ɗan farin kati ya rubuta maki cikin goma, ya jera aibin da ya gani, ya sa haruffan sunansa a ƙasa. Ba a biyansa. Dolores tana ba shi kofi da donat ɗin jiya.

Katin nan shi ne dukiyarsa. Daga birnin Detroit har Dayton, in aka ga W.B. a ƙasan kati, ba a sake gardama a kan littafin. Na san masu tara komik da ba su taɓa ganin fuskar Walt ba amma suna gane rubutun hannunsa.

Daga baya kamfanoni suka shigo harkar. Ka aika musu littafi ta gidan waya, su duba, su rufe shi ruf a gidan roba mai tauri, su manna makinsa a sama. Ba mai sake karanta shi sai in ya fasa robar. Masu zuwa wurin Walt suka ragu, suka zama tsofaffi irinsa da waɗanda ba sa son jiran wata uku.

"Akwatin gawa ke nan," in ji Walt, ranar da aka fara kawo irinsu shagon.

"Gawar tana tafiya da sauri a kasuwa fiye da masu ranka," in ji Dolores. "Ɗaga ƙafarka, zan yi shara."

Cikin waɗanda ba su daina zuwa ba akwai Curtis Odom, tsohon direban bas. Shekara ashirin da biyar suna zama tare ranar Asabar suna musu a kan wane mai zane ya iya hannu, wane ne bai iya zana ƙafa ba. Curtis yana kiransa Alƙali. Walt yana kiransa Direba. Curtis yana da akwati goma sha ɗaya na komik a gareji, da buri guda: ya mallaki fitowa ta farko ta Mai Gadin Gada mai tsabta. Jarumi ne da wani ƙaramin kamfani ya ƙirƙira a 1964, aka buga fitowa bakwai kamfanin ya mutu. Masu kyau daga cikinsu ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Walt yana da nasa kwafin. Ya saye shi yana ɗan shekara goma a kantin magani na unguwarsu, ya karanta shi har bangon ya yi laushi kamar tsumma. Akwai tabon gindin kofin madara a fuskar jarumin. Curtis ya sha yi masa tsiya a kansa.

"Alƙali, wannan ai ko kifi ba za a naɗe da shi ba."

"Amma dai akwai shi. Naka fa?"

Wata Asabar cikin watan Maris, Curtis ya shigo da wani mutum daga Dayton mai ɗauke da jakar fata. Mutumin ya yarda ya ba da Mai Gadin Gada na ɗaya a musayar akwatunan Curtis duka goma sha ɗaya. Sharaɗin Curtis ɗaya ne: sai Walt ya gani.

Da na yi hira da shi don jaridarmu, Walt ya gaya mini cewa bai taɓa riƙe irinsa ba. Jan launin bangon kamar jiya aka buga shi. Kusurwoyin suna da kaifi. Takardar fara ce, ba ta da wari ko kaɗan. Gadon bayan kuwa a matse yake, ba ko layi ɗaya na lanƙwasa. Duk wanda ya san harkar ya san cewa in ka buɗe irin wannan littafi sosai, za ka iya jin ɗan ƙaran takarda a jikin fil, kuma daga wannan ƙaran littafin ya yi asarar rabin maki.

Mutumin Dayton yana tsaye a kansa yana numfashi. "A hankali, malam. A hankali don Allah."

Curtis ma ya ce, "Kada ka karya mini shi tun ban kai shi gida ba."

Walt bai buɗe littafin ba. Ya ɗaga kusurwar sama da faɗin yatsa, ya leƙa, ya ƙirga shafuka ta nan. Suka cika talatin da biyu. Ya rubuta maki tara, ya sa hannu. Curtis ya sumbaci katin, ya tafi ya kwaso akwatunansa a motar surukinsa.

Da bazara ta shigo, 'yar Curtis ta matsa masa ya aika littafin a rufe shi a roba, don kada wani abu ya same shi. Ya aika. Littafin ya dawo cikin Agusta da takarda a sama mai cewa bai cika ba. A shafi na ashirin da tara, can ƙasa, akwai tallar wani tabarau da aka ce yana gani ta cikin bango, da ɗan fom da yaro zai cike ya aika. Wani yaro ya sa almakashi ya yanke fom ɗin tsaf, shekara hamsin da suka wuce, ya rufe littafin bai sake taɓa shi ba. A bayan fom ɗin akwai zane biyu na ƙarshen labarin. Sun tafi tare da shi.

Curtis ya kira mutumin Dayton. Mutumin ya ce shi ma bai sani ba, kuma ai Walt Banasik ne ya duba. Akwatunan kuma ya riga ya raba su ya sayar.

Curtis ya fasa robar da sukundireba, ya kawo littafin shagon ya ajiye a gaban Walt, a buɗe a shafi na ashirin da tara.

"Yanzu kana iya buɗewa," in ji shi. "Babu abin da za ka ɓata."

Walt ya daɗe yana kallon ramin. Murabba'i ne, bai kai tafin hannu ba.

"Yankan ya yi kyau," ya ce. "Yaron yana da hannu."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"Laifina ne, Direba. Ban buɗe ba."

"Na san laifinka ne. Ba tambayar da na zo yi ke nan ba."

Dolores ta ɗauki jakarta ta ce za ta je sayen madara, ko da yake akwai madara.

Curtis ya ja kujera ya zauna. Abin da ya zo da shi, masu harkar suna kiransa aure. A miƙe fil biyun a hankali, a zare fallen da ya lalace, a ɗauko irinsa daga wani kwafi a saka, a mayar da fil ta ramukansu na asali. In mai yin ya iya, ido ba ya ganewa. Ba laifi ba ne in an faɗa wa mai saye. Amma littafin da aka yi wa aure ba ya samun tara, kuma Curtis tara yake so. Kwafi ɗaya ne kawai a duk garin da za a ciro fallen daga ciki.

"Cikin naka ai da sauransa," in ji Curtis. "Bangon ne ya mutu. Ka ba ni falle ɗaya, ka yi auren da hannunka, ka sake mini kati. Akwai baje koli a Detroit cikin Oktoba. In na samu wanda zai karɓa, in dawo da ko rabin abin da na rasa."

"In rubuta me a katin?"

"Abin da ka rubuta da farko."

"Da farko ban sani ba. Yanzu na sani."

"To ka sake rashin sani! Ai ka iya."

Walt ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ya ce zai yi auren, ya rubuta a kati cewa an yi. Curtis ya yi dariya ba ta daɗi ba, ya ce wannan katin ko mai wankin mota ba zai karɓa ba.

"Shekara ashirin da biyar, Alƙali. Akwati goma sha ɗaya. Matata tana raye ta yi ta faɗa da ni a kansu, ban rabu da ko ɗaya ba. Na rabu da su rana ɗaya saboda haruffa biyu naka. Yanzu haruffan sun yi tsarkin da ba za su taimake ni ba?"

"Wanda zai saya a Detroit, shi ma saboda haruffan zai saya."

"Ka san shi?"

"A'a."

"Ni kuwa ka san ni."

Curtis ya ɗauki littafinsa ya fita.

Asabar ta gaba Walt ya hau bas zuwa gidan Curtis da kwafinsa a cikin ambulan. Ya same shi a gareji, zaune a kujerar roba, yana kallon kantocin da babu komai a kansu. Ya miƙa masa ambulan ɗin. A ciki, tare da littafin, akwai kati: maki biyu, bango ya gaji, tabon madara, shafuka sun cika, W.B.

"Naka ne," in ji Walt. "Aƙalla ka ga yadda labarin ya ƙare."

"Sadaka ce?"

"Shi ne abin da nake da shi."

"Ba shi kaɗai ba ne abin da kake da shi," in ji Curtis. Amma ya karɓa. Bai ce masa ya zauna ba.

Labarin ya bazu, don Walt da kansa ya riƙa ba da shi. Duk wanda ya kawo masa littafi sai ya fara gaya masa cewa ya taɓa ba da tara ga littafi mai rami. Dolores ta gaji da ji.

"Kai, wa ya tambaye ka? Kana kore mini mutane."

"Gara su ji daga bakina."

"Bakinka ya fi almakashin yaron nan ɓarna."

Wasu sun ji suka mayar da littafinsu jaka. Wasu suka zauna. Yanzu yana buɗe kowane littafi har ƙarshe, ko mai shi yana cizon yatsa, kuma sau biyu an ji ɗan ƙaran nan a jikin fil, aka tashi ana zaginsa. A Asabar mai kyau yana duba littafi biyar. A da yana duba talatin.

Cikin Nuwamba aka kawo wa shagon ambulan ta gidan waya, da sunan Walt, ba sunan mai aikowa. Kwafinsa ne. An miƙe fil, an zare falle ɗaya, ba a ma damu a mayar da fil ɗin daidai ba. Wanda ya yi aikin bai ƙware ba, don ya yaga gefen shafin da ke kusa. Ba wasiƙa a ciki. Katin da ya rubuta ma ba ya nan.

Ban san ko Curtis ya je Detroit ba, ban kuma san wa ya sayi littafin ko da wace shaida. Na tambaye shi ta waya, ya ce ba shi da abin da zai gaya wa jarida. Walt bai tambaya ba. Ya ce in littafin Curtis ya sake biyowa ta teburinsa zai gane shi, don fallen da aka ciro daga nasa ya fi sauran duhu.

Ranar da ambulan ɗin ya zo, Dolores ta tsaya a kansa tana kallon abin da ya rage na littafin.

"In jefar maka?"

"Bar shi."

Ya wanke hannu, ya buɗe shi daga farko, ya ƙirga. Ashirin da takwas. Ya ɗauki sabon kati ya rubuta rabin maki, ya ƙara da cewa shafi huɗu sun ɓata, ya sa hannu. Sannan ya tura littafin gefe, domin akwai wata mata da ta daɗe tsaye da kwalin komik na ƙanenta, tana duba agogo.