Hanya Ba Kyau, Ni Kuma Na Yi Kyau

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni ne dattijon nan da aka gani a tasha rungume da matashin kai, sanye da babbar rigar shadda mai aiki har cibiya, wai zan tafi Gusau. Dalilin matashin kuwa, ana gobe tafiya na je tambayar mota, wani ɗan kamasho ya ce mini, "Baba, hanyar Tsafe kwana biyun nan ba ta da kyau." Ni da ciwon baya, sai na ce to ramuka ne. Ina jin rediyo kamar kowa, na san abin da ake faɗa a kan Zamfara, amma wannan kan nawa da ya tsaya a aji uku na firamare bai haɗa maganganun biyu wuri ɗaya ba. Tun ina saurayi gyaran keken ɗinki nake yi a Kano. In an ce mini abu ba shi da kyau, mai nake nema in ɗiga masa.

'Yata ce ta samu gurbin digiri na biyu a jami'a a Gusau, wanda suke kira Mastas, a fannin noma. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Digirin farko daga gida ta yi shi, ba ta taɓa kwana a wani gari ba sai in biki ya kai mu. Uwarta ta ce sam ba ta yarda ba. Da ƙyar muka daidaita a kan in raka ta, in gani da idona, in hankalina bai kwanta ba in dawo da ita. A raina kuwa na riga na gama shawara. Zan je ne in nemo dalilin dawo da ita, don kada a ce ni na hana ta karatu.

Mun tashi da asuba, an ɗaure katifarta da bokiti da risho a bayan mota. Gwarzo, Malumfashi, hira ta yi daɗi, har ina ba mutane labarin yadda na taɓa korar ɓarawo da ƙafar keken ɗinki. Rabin labarin gaskiya ne. A Funtuwa direba ya tsaya ya ce a karya kumallo, ba zai wuce nan ba sai rana ta ɗaga, jami'an tsaro sun fito kan titi. Muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ya koma kamar maɓallin riga, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Kafin mu shiga mota direba ya matso ya ce, "Alhaji, da ka cire rigar nan an sa a baya." Na ce masa da farko ni ba Alhaji ba ne, na biyu kuma wurin farfesoshi za ni, ba zan shiga jami'a kamar wanda ya zo gyaran famfo ba. Ya dube ni, ya girgiza kai, ya ta da mota.

Muna wuce Sheme hira ta fara mutuwa. Wanda yake ta waya ya kashe ta ya tura cikin safa. Wani ya ciro carbi. Ni kuwa ina zaune a kan matashina kamar sarki, na ga ramukan ba su fi na layinmu ba, sai na ɗaga murya na ce, "Wai ina rashin kyan hanyar da ake ta faɗa? Ai wannan titi ne lafiyayye!"

Ba wanda ya yi dariya. Wata tsohuwa mutuniyar Tsafe da ke gefen Uwata ta leƙo, ta yi magana ƙasa-ƙasa da harshensu na can.

"Malam, ba ramu aka nuhi ba. In anka ce hanya ba kyau, mutanen ne sunka hito."

"Waɗanne mutane?"

"Ba a kiran sunansu bisa hanya." Ta dubi rigata daga wuya har ƙasa. "Hanya ba kyau, kai ko ka yi kyau ya yi yawa."

Jama'a, ban san ana iya cire babbar riga a cikin mota mai gudu, mutum huɗu a kujera ɗaya ba, sai ran nan. Na zungure wani da gwiwar hannu, hulata ta faɗa kan kajin da tsohuwar ta riƙo, na cusa shaddar a ƙarƙashin matashi na zauna a kai. Duk rayuwata ina fatan a gan ni a ɗauka mai kuɗi ne. Ranar kuwa da za a ba ni tsumma da na yi godiya.

Lokacin dab da kaka ne, dawa da gero sun yi tsawo sun zo har bakin kwalta. Ni mutum ne mai son ganin gona ta yi kyau, amma ranar kowane kara na ga ya motsa sai in ƙura masa ido. Na lura direba ba titi kaɗai yake kallo ba, motocin da ke tahowa daga gaba yake lura da su. Kowace ta wuce sai ya ɗan saki numfashi. A wannan hanyar motar da ta fito daga inda za ka ita ce labarai, ita ce rediyo. Muddin suna zuwa, gaba lafiya.

Bayan Yankara sai suka daina zuwa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna tafiya titi fayau ba. Direba ya rage gudu, ya rage, har ya gangara gefe a wani ɗan ƙauye inda motoci suka riga suka jeru. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya yi tambaya. Aka kashe injina. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa da rana tsaka ba. Mata masu tallan gyaɗa da dafaffiyar masara suna zaune da farantansu, ba mai kiran ciniki. Can nesa muka ji ƙarar babur, kowa ya waiga lokaci ɗaya, ashe wani manomi ne da buhu. Na samu dutse na zauna. Na dubi Uwata. Tana tsaye jikin mota, leɓɓanta suna motsi, ta riƙe jakar takardunta a ƙirji da hannu biyu. Na ce a raina, shi ke nan, dalilin da na zo nema ga shi ya same ni tun ban isa ba.

Abin da ya sake mu wata tsohuwar motar albasa ce, tana tafe tana hayaƙi. Direbobi suka tare ta da tambaya ɗaya: "Ya baya?" Mai motar ya leƙo ya ce, "Baya lahiya, an kore su." Wallahi na ga amare, na ga sababbin motoci, ban taɓa ganin abin da ya kai motar albasar nan kyau ba. Muka bi juna a jere kamar tumaki, ba mai son zama na gaba, ba mai son zama na ƙarshe.

A Tsafe tsohuwa ta sauka da kajinta, ta saya mana hoce, wainar dawa mai ɗan tsami da ake ci da ƙuli-ƙuli. Kasuwa na ci, yara na dawowa daga makaranta, wani na wanke babur yana waƙa. Abin ya ba ni haushi ma. Ni ina nan a tsorace, su suna ciniki. Uwata ta cinye nata ta cinye nawa. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, wanda aka ce in kalla, na kalla da ido ɗaya, ɗayan yana kan dawa.

Jami'ar tana wajen gari. Na shiga da 'yar shara duk ta yamutse, kamar dai wanda ya zo gyaran famfon. Uwata ta yi ta shiga ofis tana fita, ni ina ƙarƙashin bishiya tare da wasu ɗalibai manya, wani har da furfura. Na ji suna ta cewa wane ya yi difens, wance za ta yi difens. Ni difens ɗaya na sani, masu kaki da bindiga. Na tashi na tari Uwata na ce, "Ke da kyankyaso ke kora daga ɗaki, wa zai ba ki bindiga?" Sai da ta dafa bango don dariya. Ashe tsayawa ne gaban malamai ka kare abin da ka rubuta.

Batun masauki ya fi ba mu wuya. Akwai ɗakunan haya kusa da makaranta, masu sauƙin kuɗi, amma na leƙa ta taga na ga bayan katanga gona ce, bayan gona daji. Ban ko zauna ba. Muka shiga cikin gari, muka samu ɗaki a gidan wata Hajiya mai sayar da atamfa, kuɗin ya ninka amma maƙwabta ta ko'ina. Hajiya ta zaunar da Uwata ta karanta mata dokoki: ta baro makaranta kafin la'asar ta yi sanyi, ta riƙe mai adaidaita ɗaya da aka sani, kuma kowa ya tambaye ta sana'ar ubanta kada ta ƙara gishiri. Ta dube ni ta ce, "Ko da yake wanga ba ya buƙatar a rage mai." Na ce na gode, Hajiya.

Washegari malamar da za ta duba aikin Uwata, wata Dakta mai fara'a, ta ce mu raka ta Bunguɗu, ranar kasuwa ce, za ta haɗa ta da manoman da za ta yi aiki da su. Binciken a kan ƙuduji ne, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye dawa tun daga saiwa. Na shiga motarta ina lissafin motocin da ke tahowa, don yanzu na zama gwani. A Bunguɗu muka zauna a rumfar wani mai hatsi da wani manomi daga Karakkai, dattijo kamata, siriri, mai 'yar furfura a haɓa. Ya ce gonarsa ta gado tana nesa da gari, rabonsa da ita an daɗe. Kowa ya dawo yana noma 'yan gonakin bakin gari, shekara bayan shekara ba hutu, ƙasa ta gaji, ƙuduji ya samu gida. Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mana zangarniyar bana, ba ta kai rabin wadda na sani ba. Uwata ta durƙusa tana tambayarsa, yana amsawa, ta manta ma ina wurin.

Na kasa haƙuri na ce, "Malam, yarinyar nan gonakinku za ta riƙa shiga?"

Ya ce, "Ran da hanya ta yi kyau, mu aiko ta taho. Ran da ba kyau, mu ɗebo mata ƙasar cikin buhu mu kawo nan. Ɗiyarka ɗiyarmu ta."

Na ce, "Kullum kuna sanin ran da ba kyau?"

Ya mai da zangarniyar aljihu. "Ba kullum ba," in ji shi.

Da ya yi mini ƙarya da na fi jin daɗi.

Da muka koma masauki da yamma na tarar da kaina a ƙofar ɗakinta. Ta shimfiɗa katifa, ta jera littattafai a kan kwali, tana ƙoƙarin kafa ƙusa a bango da dutse don ta rataya labule. Na ce, "Uwata, haɗa kayanki. Gobe mu koma."

Ba ta juyo ba. Hannunta da dutsen ya tsaya a sama.

"Baba, kana ganin ba na jin tsoro ne? Jiya a ƙauyen nan har na yafe wa kowa a raina." Ta sauke hannun. "In ka ce mu tafi, ba zan musa maka ba. Sai dai kai za ka je ka gaya wa mutumin Karakkai, don na riga na ce masa zan zo."

Na dubi bangon. Ƙusar ta karkace, ga ta nan tana lilo. Na karɓi dutsen, na cire ta, na miƙar da ita a kan dandamali, na kafa mata ita daidai. Na rataya labulen. Iyakar abin da aka yi ke nan, ba wanda ya ƙara magana a kai.

Na dawo ni kaɗai, shaddar a cikin leda. Hanya ta yi kyau ranar, motoci na ta zuwa, amma ban saki kujerar gaba ba sai da na ga Funtuwa. Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na koyi cewa akwai inda kalmar kyau ba ta nufin abin da na sani. Na koyi gaishe da motar da ta fito daga gaba. Na kuma ga mutanen da ke jin tsoron da na ji na yini ɗaya, su kullum, kuma suna zuwa kasuwa, suna shuka, suna kai 'ya'yansu makaranta. Yanzu 'yata tana cikinsu. In wayarta ta yi ƙara sau biyu ba ta ɗauka ba, sai in ajiye abin da nake gyarawa.

Na isa gida uwarta tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Na zauna na kwashe komai na gaya mata, har da Hajiya da dokokinta, har da manomin, na ƙara da cewa wurin ya kwanta mini. Ta saurara har na gama, ba ta ɗaga kai daga faranti ba. Sannan ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka baro ta ne don ka yarda da wurin, ko don ba za ka iya sake biyo hanyar nan da ita a mota ba?"