Ranar da Na Gwada Kunnen Mahaifina

Shekarun baya, ba a daɗe da cire Kebbi daga Sakkwato ba, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun fiziks. Da aka zo zaɓen binciken kammala karatu, sai na ce zan auna ƙarar injinan niƙa a Jega da Aliero da Maiyama, in kuma gwada jin masu aiki a wurin. Gaskiya ba son ilimi ne ya kai ni ba. Mahaifina yana da injin niƙa a Jega tun kafin a haife ni, sai na ga ga hanyar da zan yi bincike ina cin tuwon gidanmu.

Sashenmu ya ara mini na'ura biyu. Ɗaya mai allura ce, ana nuna ta wajen inji ta faɗi ƙarfin ƙararsa. Ɗayar ta gwajin ji ce: a sa wa mutum abin saurare a kunne, in danna maɓalli wani sauti ya fita, idan ya ji ya ɗaga hannu. Na yi mako uku ina yawo da su a bayan babur, ina jin kaina kamar likita. A Maiyama wani mai inji ya ɗauka daga gidan rediyo nake, ya kama na'urar ya shiga gaishe da 'yan'uwansa na Karaye ɗaya bayan ɗaya. Ban iya katse shi ba sai da ya gama.

A lokacin akwai wata 'yar tsama a gidanmu. Ƙanin mahaifina, wanda ke noman albasa a Aliero, ya kusa shekara bai taka gidan ba. Ya ce ranar kasuwar Jega ya yi wa yayansa sallama har sau uku a gaban surukansa, mahaifina ya wuce ko waiwaye babu. Da aka tambayi mahaifina, cewa kawai ya yi bai gan shi ba. Mahaifiyata ma ta daɗe tana ƙorafin ba ya amsa mata magana sai ya ga dama. Mu duka mun ɗauka halin tsufa ne.

Da na ce zan gwada shi, sai ya yi dariya.

"Kunnena lahiya lau shike. Amma zo ka gwada abin wasan naka, kada a ce na hana ka karatu."

Muka zauna a zaure muna fuskantar juna. Duk sautin da na danna, hannunsa na sama. Har siraran da ni kaina sai na nutsu nake ji. Na kwashi takarduna na koma makaranta da murna, na gaya wa malamin da ke duba aikina cewa na samo mutumin da ya fi shekara ashirin a bakin inji ƙara ba ta taɓa shi ba. Har na fara tunanin sunana zai shiga littafi.

Malamin ya duba takardar, ya dube ni.

"Lokacin da kake danna maɓallin, ina yake kallo?"

Na ce ni yake kallo.

"To yatsanka ya gwada, ba kunnensa ba. Koma ka sa ya juya maka baya."

Na dawo Jega. Na jira safiyar Juma'a, ranar da ba a tayar da inji, na ce masa malam ya ce a sake. Bai so ba, amma ya zauna ya fuskanci bango. Da na fara da sautuka masu kauri, yana ɗaga hannu daidai. Da na koma sirara, hannun ya tsaya a kan gwiwa. Na ƙara ƙarfi. Shiru. Na murɗa har ƙarshe, ina jiyo sautin yana fitowa ta gefen abin sauraren daga inda nake zaune, shi ko motsi bai yi ba. Can sai ya ɗaga hannu a hankali, alhali ban danna komai ba.

Wannan hannun ne ya karya mini zuciya.

Na cire masa abin daga kunne, na koma bayansa ina naɗe waya, na ce, "Baba, an gama." Bai juyo ba. Na sake faɗa. Mahaifiyata tana tsaye a ƙofar zaure, ta ga komai. Sai da na zagayo gabansa ya ɗago.

"To, malam, na ci ko na hwaɗi?"

Na shiga yi masa bayanin makaranta, yadda ƙara ke fara cinye siraran sautuka, shi ya sa muryar mata da magana a cikin hayaniyar kasuwa ke fara ɓacewa. Ya bari na gama.

"Na sani," ya ce. "An daɗe. Bakin mutum nika kallo in gane mi yac ce. Wanda yab biyo ta baya, ban san da shi ba."

Na ce to me ya hana shi faɗa?

"In na hwaɗi, wa ka sake kawo mani shawara? Sai a dinga magana gabana awa ba ni nan."

Mahaifiyata ta matso daga ƙofar zaure. Ta ce, "Shekara nawa ina zuba magana bayan mutum, in koma ɗaki ina hushi ni kaɗai." Ta juya ta shige ciki.

Da kyar ya yarda in gaya wa ƙaninsa. Na same shi a Aliero yana juya albasa a rumfa, na miƙa masa takardar gwajin. Ko kallonta bai yi ba.

"Bar takarda. Kai da idonka ka ga ba shi ji?"

Na ce na gani, Baffa.

Ya zauna a kan buhu, ya ce, "Ni ko ta baya na biyo shi ran nan."

Ranar kasuwa ta gaba sai ga shi. Ya tsaya daidai gaban mahaifina, ya buɗe murya ya kwaɗa sallamar da ta sa maƙwabta suka leƙo. Mahaifina ya amsa, sannan ya ce, "Sannu-sannu dai. An ce maka na kurumce ɗungum ne?" Suka yi dariya, aka shimfiɗa tabarma. Babu wanda ya tayar da zancen baya.

Mun kai mahaifina wajen likitan kunne a Sakkwato, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, a dai tsare wanda ya rage. Mahaifina ya daina tsayuwa a bakin inji. Ya kuma sa na samo wa ma'aikatansa robar toshe kunne, suna sawa idan yana nan, suna zuba ta aljihu da ya ba da baya.

Binciken nawa bai samu wani maki na a zo a gani ba. An ce mutanen da na gwada sun yi kaɗan, kuma gaskiya ne. Amma ban taɓa jin na yi asara ba. Mahaifina ya yi wasu shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a cikinsu ne na fi yin hira da shi a duk rayuwata, don dole in zauna kusa, in dube shi, in faɗi magana ɗaya-ɗaya. Abin da yake tsoro bai faru ba. Har makon da ya kwanta ciwo mutane na zuwa neman shawararsa, sai dai kowa ya ja tabarma ya zauna a gabansa.

Allah ya jiƙansa.