Ranar da Allurar Delu Ta Bar Layi

Duk wanda ya san lungunan Kwarbai ya san zauren Malam Inuwa mai zane, amma kaɗan ne suka san matarsa Delu, alhali rigunan da suka ɗaga sunan gidan a kan cinyarta aka gama su. Haka sana'ar take tafiya a birnin Zariya. Namiji ya zauna a zaure da alƙalami da tawada, ya zana adon da ake kira aska da tambari a ƙirjin babbar riga, sai a shiga da ita cikin gida, mace ta bi layin da allura da zare har ta cike. Suna na mai zane ne. Ita kuwa mai ɗinki, in an tuna da ita, iyaka a ce hannunta da tsabta.

A Limancin Kona aka haifi Delu, a wurin gwaggonta Hajo ta koyi riƙon allura. Gwaggo Hajo ba ta san wasa ba. Da allura ta kauce wa tawada, sai ranƙwashi, tana faɗin cewa ba a tambayi ra'ayin mai ɗinki ba. Delu ta haddace wannan karatu sarai. Sai dai Allah ya yi ta da kallo. Tun tana yarinya za a aike ta, a tarar da ita tsaye ta saki baki tana kallon tsagewar bango, ko sawun kaji a inda aka yi shara. 'Yan uwanta suka yi ta yi mata tsiya, har ta koyi yin kallonta a ɓoye. Ta yi aure, ta haihu, ta aurar, ba ta taɓa zana ko da ɗigo ba.

Matsala ta fara ne da yanar ido ta soma rufe ganin Malam. Shi kuwa mutum ne mai kafiya, wanda ko tuntuɓe ya yi sai ya ce dutsen ne ya matso. Ya ɗora wa tawadar zamani laifi, ya ɗora wa shadda, ya ce maƙwabci ya ta da bene ya tare masa haske. Delu kuwa sai ta shiga rufa masa asiri. In layi ya karkace sai ta miƙe shi da allura, in tambari ya ƙi haɗuwa ta haɗa shi. Ta san abin da take tsoro. Ranar da aka ce a kasuwa hannun Malam Inuwa ya mutu, ranar za a daina sallama a zaurensa, kuma mutumin da ta sani ba zai daɗe ba bayan haka.

Ana tsakiyar damina Bahago dillali ya kawo wata farar shadda ta wani mutumin Abuja da zai aurar da 'yarsa. Malam ya wuni a kanta, ya aiko da ita ciki yana cewa ya daɗe bai ji daɗin zane irin na yau ba. Delu ta warware ta duba. Wannan ya wuce gyara. Layi ya hau layi, aska ɗaya ta ɓace gaba ɗaya, tambarin kuwa ya baje kamar ƙosan da aka taka.

In ta bi layin, asiri ya tonu. In ta faɗa masa, ita ce ta kashe shi da bakinta. In kuwa ta aika wa wani mai zanen a ɓoye, ai masu zanen birnin nan kowa ya san hannun kowa, kafin la'asar magana ta kai Ƙofar Gayan. Abin da ya rage shi ne wanda aka hana ta tun tana yarinya, wato ta yi ɗinki ba layi.

Sai dai kan nata ya ƙi. Matar da ta ƙare rayuwarta tana kallo, da ta nemi abu guda sai ta tarar ba komai. Ta zura zare ta zare, ta ɗauki allura ta ajiye. Bahago kuma kullum sai ya aiko a tambaya ina aka kwana.

Wata safiya aka tafka ruwa. Tana zaune a bakin ƙofa da shaddar a cinya, idonta ya sauka a kan ruwan da ke zubowa daga indararo. Ya faɗo wuri guda, ya rabu biyu da ya iske turmi, ya sake haɗuwa, ya fitar da 'yan rassa suna neman rariya. Ba ta san lokacin da ta soka allura ba. Daga wuyan rigar ta sako siffar ruwan, ta raba, ta haɗa, ta bar rassan suka gangara kan aljihu. Inda tawadar Malam ta yi daidai ta bi ta, inda ta ɓata ta rufe ta da ciko, sauran ta bar wa wanki.

Daɗin da ta ji a aikin nan ya ba ta tsoro, don ji take kamar sata take yi. Da ta ji takun Malam sai ta yi wuf ta ninke rigar. Rannan ta makara, ya tsaya a kanta, rigar a shimfiɗe, ya dubi rigar ya ce aiki na kyau, ta dai bi layi a hankali. Bayan ya fita ta yi kuka, don sai a lokacin ta san iyakar inda ciwon ya kai.

Da ta gama ba ta bari rigar ta tsaya a zaure ba, ta aika da ita wanki, daga can sai wurin masu bugu. Amma Bahago da ya karɓo ta bai wuce ba. Bayan azahar ta ji sallamarsa, ta laɓe a bayan ƙofar zaure. Ta ji yana zuba yabo, wai masu bugu sun ajiye aiki suna kallo, wai har an fara tambayar irinta, ina Malam ya ɓoye wannan zane tun tuni? Malam ya yi dariyar jin daɗi, ya ce a miƙo masa ya ƙara gani.

Dariyar ta tsaya. Delu ta san yatsunsa ne ke tafiya a kan zaren, kuma yatsun nan ba a yi musu ƙarya. Bahago ya tambaya ko lafiya.

"Ba hannuna ba ne wannan," in ji Malam. "Jira ni."

Ya shigo da rigar a kafaɗa, ya tsaya a tsakar gida. Delu ta durƙusa.

"Tun yaushe kike gyara mini aiki?"

"Tun azumin bara, Malam."

Malam ya sake shafa zaren. Sannan ya ce ko da idonsa garau ba zai iya wannan ba, kuma Bahago na neman wasu irinta, me zai ce masa? Tun da aka kawo ta gidan nan ba a taɓa yi mata irin wannan tambaya ba. Ba ta san ko kanta zai sake ba ta wani abu ba, amma ta ce a kawo.

Malam ya juya zai koma, ya yi taku kaɗan, ya tsaya cak. Ya miƙo hannu inda yake zaton tana nan.

"Delu, kama ni ki kai ni bakin zaure. Ba na ganin hanya."