Ƙasar da Malam Ya Kawo a Motar Albasa

Shin babban ɗana ya san abin da ya rufe da siminti, ko bai sani ba? Har yau na kasa ganewa. Ina faɗa ana rubutawa, ina kuka, kuma ba na jin kunyar kukan.

Malam, mijina, albasa yake sayarwa a Kasuwar Ose, nan Onitsha. A bayan gidanmu akwai ɗan fili, bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ya shuka wake ya yi, gyaɗa ma ta yi. Da ya gwada waken suya don in riƙa yin awara, sai ganyen ya fito rawaya kamar mai ciwon shawara. Damina biyu a jere.

Wani malamin gona, ɗan Ibo, mai sayen albasa a wurinsa, shi ya gaya masa dalili. Malam ya dawo ya tuge gyaɗa ɗaya, ya nuna mini ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwar, ya fasa guda da farce. Cikin ja ne.

Ya ce, "Akwai masu rai a nan, ido ba ya ganinsu. Su ke ɗebo wa shuka abinci daga iska. Na wake da na gyaɗa 'yan ɗaki ɗaya ne. Na waken suya kakansu ɗaya da waɗannan, amma sun rabu tuntuni, kuma babu su a filin nan."

Na ce, "Malam, naka dangin ma ba ka gama zagawa ba, ka koma bin asalin ƙwari?"

Ya ce, "Ke dai tanadi man suya."

Ya aika wa ƙanensa a gida, aka ɗebo rabin buhun ƙasa daga gonar waken suya, aka ɗoro a motar albasa. 'Yan dako suka yi ta dariya, wai ƙasa ta ƙare a Onitsha ne. Ya barbaɗa ta a filin. Damina ta gaba ganye ya yi kore shar. Shekara tara ina soya awara daga bayan gidana.

Malam ya rasu waken na gab da bushewa. Ina cikin takaba sai na ji ƙarar shebur. Na leƙa ta taga, na tarar an tuge komai, leburori suna kwaɓa siminti, ɗana yana tsaye a kansu.

"Mama, masu okada za su riƙa ajiye babura. Wake kuwa ga shi jibge a kasuwar Relief."

Na ce, "Ba wake nake maka magana ba, ƙasar."

"Haba Mama, ƙasa ai ƙasa ce."

Uban ko arba'in bai cika ba. Yaron nan da awarar filin ya girma. Ƙanen Malam ya rasu, gonar can an yi gidaje a kanta, to ina zan sake ɗebowa? Kullum ɗan nawa yana zuwa gaishe ni, ina amsawa, amma ban yafe ba tukuna.

Shi bai ji abin da na ji ba, don yana kasuwa. Da hantsin ranar da Malam ya cika, na kai masa koko bai sha ba. Ya riƙe bakin zanena ya ce, "In waken ya bushe a yanke shi daga sama. Kar ki bari a tuge, a bar musu saiwar a ƙasa."