Faifan Da Na Ce A Shanya A Rana

Jama'a, yau na tsinka kaina da kaina! Babbar na'urar ajiyar bayanan manoma a ofishin da nake gadi ta tsaya cak, jar fitila sai ƙiftawa take. Ni da ake kira Injiniya saboda gyaran rediyo na ce, "Ku zare faifan ajiyar da ke cikinta ku shanya a rana kamar batir."

Sai ga Hadiza, 'yar aminina Alhaji Lawal na Sandamu da ta karanci kwamfuta, uban ya rako ta. Ta duba faifan ta ce mini, "Baba, ai zafi ne ya kashe shi." Ta sa sabo, ta zuba masa kwafin da aka adana, bayanai suka dawo! Kowa sai "Injiniya Hadiza!" Sunana fa!

Na ce, "Rana ma magani ce."

Alhaji Lawal ya ce, "Kai da ka shekara saba'in kana shanta, ina cajinka?"