Hantar da Ban Ba Ka Ba, Yaya Bayumi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran yayana Bayumi Abdul Gawad a gidansa da ke ƙauyenmu, kusa da birnin Mansura, bayan doguwar jinya ta ciwon hanta nau'in C. Ya bar matarsa Ummu Sabri da 'ya'ya huɗu, da ni ƙaninsa Mitwalli, wanda ke tafe yau da lafiyar da bai san yadda zai ɗauke ta ba.

Yaya, kai ka bar makaranta ka kama gonar shinkafa lokacin da Baba ya rasu, don ni in yi karatu. Da na zama malami ba ka daina tsokanata ba. Kullum na shigo gona da takalmi sai ka ce a shimfiɗa wa Ustazu tabarma kada laka ta ɓata masa ilimi. Ɓaunar gida da kake kiwo don madara kuwa ta zama ta unguwa. Babu matar da ta haihu a layinmu ba ta sha madararta ba, kuma ba ka taɓa bari a yi maka godiya ta wuce kalma biyu ba.

Ciwon ya daɗe yana cin ka a ɓoye, kamar gara a cikin azara. Gajiya ce kawai, ka ce aikin gona ne. Sai da idanunka suka yi ruwan ɗorawa, cikinka ya kumbura, sannan ka yarda muka je asibiti. Sabon maganin da ake rabawa ya kashe ƙwayar cutar, amma hantar ta riga ta ƙeƙashe. Likita ya ce babu mafita sai dashe, a yanki wani sashe na hantar ɗan'uwa mai rai. Jinin Sabri, ɗanka namiji ɗaya, bai dace da naka ba. Nawa ya dace. Na ce na yarda a gaban dangi, aka yi ta sa mini albarka, alhali tsoron wuƙar likita ya hana ni cin abinci.

Da aka gama gwaje-gwaje, likita ya kira mu tare. Ya dube ni ya tambayi shekaruna, da ƙauyen da na taso, da ko an yi mini allurar tsargiya ina yaro. Ya ce yawancin masu zuwa wurinsa irinmu ne, mazan karkara da suka fara furfura, waɗanda suka yi wanka a magudanar ban-ruwa suka bi layin allurar nan. Sannan ya faɗa mini cewa ni ma ina ɗauke da cutar, ba za a taɓa hantata ba. A daidai wannan lokacin wani sanyi ya ratsa zuciyata. An yanke maka hanyar rayuwa, ni kuma abin da na fara ji shi ne na tsira daga yanka. Wannan sanyin shi ke ƙona ni har yau.

A motar komawa gida kai ne ka yi kuka. Ka tuna mini yadda ake jera mu a farfajiyar makaranta, sirinji ɗaya na gilashi yana bin hannu bayan hannu yana raba mana cutar hanta ba mu sani ba, da yadda nakan gudu in ɓuya a gonar masara, kai kuma ka zaƙulo ni ka saɓa a kafaɗa ka kai ni layi don kada tsargiya ta kashe ni. Ka ce in yafe maka. Ni da ya kamata in durƙusa, sai na bar ka kana neman gafarata.

Daga nan ka mayar da jinyata aikinka. Da cikinka a kumbure kake tasowa kowace safiya ka tabbatar na haɗiyi ƙwayar magani. Ka tilasta wa dangi da abokan shan shayinka su je gwaji, har wasu suka fara kauce wa ƙofarka. Bakwai aka samu da cutar, duk suna raye.

Da sakamakona ya nuna na warke, na ɓoye, don kunyar in shigo maka da albishir kana kwance. Matata ta tsegunta wa Ummu Sabri. Washegari ka sa aka yanka agwagwa biyu, kai da aka hana cin nama, ka ce in zauna a gabanka in ci. Na kasa kai loma. Na buɗe baki zan faɗa maka abin da na ji a ofishin likita, sai ka riga ni.

"Ci abincinka, Ustazu. Ai na ga fuskarka ranar nan. Kai da kake gudun allura, ina kai ina wuƙa?"

"Yaya, wallahi da na ba ka."

"Na sani. Da ka ba ni kana rawar jiki, kuma da na karɓa. Allah bai so ba. Hantata ta lalace, amma ita ta tono ciwon taka, ka ga ba ta tafi a banza ba. Miƙo mini romon in shaƙa ko ƙamshi ne."

Ka yafe mini tun kafin in roƙa, Yaya, ni ne dai na kasa yafe wa kaina.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bayumi, Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ummu Sabri, da Sabri, da Ihsan, da Nagat, da Sanaya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Shekarun da suka rage mini na ubanku ne, ƙofata kuma taku ce har ranar da za a kai ni kusa da shi.